Yadda direba ke buɗe wa manhaja ƙofar memori: fashin baƙi kan mmap

Kyamarar tsaro guda ɗaya, irin waɗanda suka cika shagunan titin Ahmadu Bello da gidajen Malali da Unguwar Rimi, tana fitar da bayanai masu yawan da ba kowa ke zato ba. Ɗauki wadda hotonta ke da ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. Idan kowane ɗigo ya ci bait 2, kamar yadda yake a tsarin YUYV, hoto guda kafin a matse shi bait 4,147,200 ne. Tana fitar da 30 a daƙiƙa. Ke nan sama da bait miliyan 124 ke kwarara a kowace daƙiƙa, dare da rana. Kuma dole duk wannan ya tashi daga idon kyamara ya isa hannun manhajar da za ta matse shi, ta adana, ko ta tura wa mai shago a wayarsa.

Tsakanin idon kyamarar da manhajar akwai katanga, kuma da gangan aka gina ta. Kowace kwamfuta ta zamani, daga wayar Android har zuwa sabar banki, an raba aikinta gida biyu. Gefe ɗaya akwai kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, shi ke da ikon taɓa komai. Ɗaya gefen kuma manhajojin yau da kullum ne, WhatsApp da burauza da sauransu, waɗanda ba a yarda su taɓa ƙarfen na'ura da hannunsu ba. Ba ladabi ne ya hana su ba, firosesa ce da kanta take hanawa: a kan firosesocin x86, irin na yawancin laftof, kanel yana matakin da ake kira zobe na 0, manhajoji suna zobe na 3; a kan na ARM, irin na wayoyi, ana kiran matakan EL1 da EL0. Direba kuwa wani yanki ne na kanel da ya iya yaren wata na'ura takamaimai, kyamara ce, katin sauti ne, ko katin intanet.

A tsohuwar hanya, manhaja tana kiran read, wato umarnin neman bayanai daga kanel, firosesa ta tsallaka katanga, direba ya kwafi bayanan daga mazubinsa zuwa mazubin manhaja da copy_to_user, sannan a tsallako. Kuɗin fito biyu ake biya: na tsallakawa da na kwafa. Ga 'yan haruffan da ka buga a kibod wannan ba komai ba ne. Ga bait miliyan 124 a daƙiƙa, a kan ƙaramar firosesar da ke cikin kyamara, kwafar kaɗai tana cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen matse hoto. Tsallakawar ma ta ƙara tsada tun Janairun 2018, lokacin da aka fallasa ɓarakar Meltdown, har Linux ya kawo kariyar KPTI wadda ke sauya jadawalin memori duk sa'adda aka shiga kanel ko aka fito a kan firosesocin da abin ya shafa.

Daga nan buƙatar mmap ta taso, wato umarnin da ke ba manhaja damar ganin memorin da direba ke riƙe da shi kai tsaye, ba tare da kwafa ba. Ba sabon abu ba ne: an bayyana shi a takardun babbar manhajar 4.2BSD tun 1983, kamfanin Sun kuma ya fito da shi yana aiki a SunOS 4.0 a 1988. Amma kafin a gane abin da yake yi, sai an gane cewa adireshin da manhaja ke gani a memori ba na gaske ba ne.

Duk wanda ya taɓa sayen fili a Kaduna ya san takarda daban, ƙasa daban. Lambar da ke kan takarda abu ne guda, ƙasar da za ka taka da ƙafarka a Rigasa ko Kawo wani abu ne, rajistar da ke hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, ce ke cewa wannan lambar ta wannan ƙasar ce. Haka memori yake. An yanka shi shafi-shafi, yawanci kowane shafi bait 4096, ko da yake ARM mai bit 64 yana iya aiki da na kilobait 16 ko 64. Kowace manhaja tana da nata jadawalin shafuka, wanda ke cewa adireshin kaza da take gani yana nufin shafin kaza a ainihin RAM, kuma an yarda ta karanta kawai, ko ta rubuta ma. Wani sashe na firosesa mai suna MMU ne ke duba jadawalin a kowane motsi. A kan x86 mai bit 64 jadawalin hawa huɗu ne, sababbin sabobi ma hawa biyar, shi ya sa firosesa ke riƙe amsoshin da ta samu kwanan nan a wata 'yar ma'ajiya mai suna TLB don kada ta riƙa hawa da sauka kullum. To mmap ba ya ɗiban yashi daga wani fili ya kai wani. Rajista kawai yake gyarawa. Yana rubuta a jadawalin manhaja cewa daga adireshin nan zuwa can, shafukan da direba ke riƙe da su ne. Daga wannan lokacin abin da na'ura ta zuba, manhaja tana ganinsa nan take, ba a kwafi ko bait ɗaya ba.

A Linux tafiyar kamar haka take. Manhaja ta buɗe fayil ɗin na'ura, misali /dev/video0, ta kira mmap ta faɗi tsawon da take so da kuma inda za a fara. Kanel ya ware mata wani yanki a adireshinta, ya bayyana shi cikin wani tsari mai suna vm_area_struct, ya miƙa wa direba. Direba yana da zaɓi biyu. Ko ya cike jadawalin gaba ɗaya nan take da remap_pfn_range, ko ya bar shi wayam, sai manhaja ta taɓa shafin da babu shi, firosesa ta ɗaga ƙara, direba ya kawo shafin a lokacin. A harkar kyamara, V4L2, wato tsarin bidiyo na Linux, ya shimfiɗa yadda za a yi musayar: manhaja ta nemi mazubai da VIDIOC_REQBUFS, ta yi mmap na kowanne sau ɗaya tak, sannan a shiga karɓa-karɓa. Ta miƙa mazubi da QBUF, kyamara ta cika shi, ta karɓo da DQBUF, ta yi aikinta, ta mayar. Abin da ke tsallaka katanga yanzu lambar mazubi ce kurum, ba hoton ba.

Mai Linux a gabansa zai iya ganin irin wannan da idonsa. Buga cat /proc/self/maps, ka duba ƙasa-ƙasa, za ka ga layuka masu suna vvar da vdso. Shafuka ne da kanel ya shimfiɗa wa kowace manhaja domin ta karanta agogo ba tare da ta tsallaka katanga ba. Karatu kawai aka yarda, ba rubutu. A ganina wannan shi ne mafi tsaftar misalin abin: an buɗe daidai gwargwadon buƙata, ba a ƙara ko taƙi ba.

Wahalar tana farawa ne daga tambayar wane irin memori ake buɗewa, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai RAM da kanel ya ware da alloc_pages, shafukan a jere suke a zahiri, aikinsu da sauƙi. Akwai na vmalloc, wanda kanel ke gani a jere amma a zahiri warwatse yake, don haka ba a iya miƙa shi da remap_pfn_range a kira ɗaya, sai a bi ta vmalloc_user da remap_vmalloc_range. Sannan akwai kmalloc, wanda ya fi kowanne kayar da sababbin hannu. Idan ka nemi bait 200 da kmalloc, ɗan gutsure za a yanko maka daga shafin da wasu kayan kanel ke zaune a ciki. MMU kuwa ba ya san gutsure, shafi cikakke yake bayarwa. Ka miƙa wannan shafin, ka ba manhaja takardar filin da ta haɗa har da ɗakunan maƙwabta. Haka nan shafin da ba a share shi da sifili ba kafin a miƙa, duk abin da mai shi na baya ya bari yana nan, ko kalmar sirri ce.

Iri na ƙarshe ba RAM ba ne kwata-kwata. Na'urorin da ke kan PCIe, wato hanyar da ake jona katuna kamar na hoto a cikin kwamfuta, suna da wasu rajistoci ('yan guraben ajiyar lamba da ke jikin na'ura) da ake kira BAR, har shida, da suke sanar da cewa suna buƙatar wani yanki na adireshin zahiri. Idan firosesa ta rubuta a wannan yanki, ba ajiya ta yi ba, umarni ta ba na'ura. Karatu ma yana iya sauya wani abu: akwai rajistar da karanta ta kaɗai ke goge abin da ke ciki. Ga wannan iri ake amfani da io_remap_pfn_range ko vm_iomap_memory.

A nan maganar kash (cache), wato 'yar ma'ajiyar gaggawa da ke cikin firosesa, take shigowa, kuma ita ce ta fi cin lokacin masu wannan sana'a. Firosesa ta fi RAM sauri nesa ba kusa ba, don haka takan riƙe kwafin abin da ta karanta a kusa da ita, ta jinkirta rubutu, ta haɗa rubutu biyu su zama ɗaya, wani lokaci ma ta sauya jerinsu. Ga RAM na yau da kullum wannan alheri ne. Ga rajistar na'ura kuwa masifa ce. A ce manhaja tana duba wata rajista tana jiran na'ura ta ce ta gama. Idan an buɗe shafin da kash a kunne, karatun farko kaɗai ne zai isa na'ura, sauran duk tsohuwar amsa za ta yi ta gani, ta yi ta jira har abada alhali na'ura ta gama tuntuni. Shi ya sa direba ke sa pgprot_noncached a kan rajistoci. Ga memorin allon nuna hoto kuma, inda ake zuba ɗigo miliyoyi kuma jerinsu bai dami kowa ba, pgprot_writecombine ya fi, don yana tara rubutu ya tura a dunƙule.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne wannan ciwo ba ya nunawa a ko'ina. A kan x86, idan na'ura ta zuba bayanai kai tsaye cikin RAM ba tare da bi ta firosesa ba, abin da ake kira DMA, ƙarfen da kansa yake daidaita kash. A kan ƙananan allunan kwamfuta masu firosesar ARM da yawa babu wannan gata. Sai ka ga direban da ya yi aiki lafiya lau a laftof, an ɗora shi kan allo, hoto yana fitowa da zare-zaren hoton da ya gabata, yau ya yi, gobe ya ƙi. Maganin da kanel ya tanada shi ne kada ka yi wa kanka lissafi: memorin da ka karɓa da dma_alloc_coherent, ka miƙa shi da dma_mmap_coherent, shi ya san irin kash ɗin da ya dace da wannan allo. Kuma kada shafi ɗaya ya zama kanel na kallonsa da kash, manhaja na kallonsa babu kash, don ARM bai yi alkawarin za su ga abu ɗaya ba.

Matasanmu da ke haɗa ayyukan kammala karatu da ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi suna shiga wannan fage tun ba su san sunansa ba. Wani ɗalibi a Tudun Wada ya taɓa nuna mini aikinsa na kunna famfon ban-ruwa. Ya buɗe /dev/mem, fayil ɗin da ke kai mutum ga memorin zahiri, da sudo, wato umarnin da ke ba da cikakken iko, ya yi mmap na adireshin 0x3F200000, inda rajistocin GPIO, wato ƙafafun da ake kunna kayan lantarki da su, suke a Pi 3, ya rubuta lamba a tazarar 0x1C, sai ga rile, wato makunnin lantarkin, ya yi ƙas, 'yar fitilarsa ta kama. Ya ce, "Malam, ka ga layi kaɗan ne, kuma ya fi na laburare sauri." Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin ganin yaron da ya karanta takardar cip da kansa. Sai na nuna masa cewa ƙofar da ya buɗe ba ta tsaya kan fitilarsa ba. A 0x3F007000, cikin wannan fayil ɗin dai, injin DMA ne, wanda zai iya rubutu a ko'ina cikin RAM. Saboda haka ne aka samar da /dev/gpiomem, mai buɗe rajistocin GPIO kaɗai ba tare da sudo ba. Ga kuma wata matsalar: adireshin 0x20200000 ne a Pi na farko, 0xFE200000 a Pi 4, a Pi 5 na 2023 kuwa an mayar da GPIO kan wani cip daban mai suna RP1, duk manhajar da ta haddace adireshi ta tsaya cik. Famfon da ake kunnawa sau biyu a yini ba ya buƙatar wannan saurin. Hanyar /dev/gpiochip, wadda ke cikin Linux tun 4.8 a 2016, ta ishe shi, kuma ba ta mutuwa idan an sauya allo.

Wannan shi ne abin da nake so mai koyon rubuta direba ya riƙe da kyau. A hanyar read da write, kanel yana duba kowace buƙata ɗaya bayan ɗaya. A hanyar mmap, sau ɗaya kawai yake da damar dubawa, lokacin da ake gyara jadawali. Bayan nan ba ya ganin komai, manhaja da memori ne ke mu'amala kai tsaye. Saurin da aka samu, da janye mai gadi aka saye shi. Kuskuren da aka yi a wannan duba guda ɗaya, babu wanda zai tare shi a gaba.

An sha ganin haka a zahiri. A Disambar 2012 aka gano cewa wayoyin Samsung masu cip ɗin Exynos 4210 da 4412, ciki har da Galaxy S2 da S3 da Note 2, suna ɗauke da wani fayil mai suna /dev/exynos-mem wanda kowace manhaja za ta iya buɗewa ta karanta, ta kuma rubuta a duk RAM na wayar. Don sauƙaƙa aikin kyamara da hoto aka yi shi. A 2018 kuma masu bincike na kamfanin Check Point suka samu wata ɓaraka a direban udl na na'urorin DisplayLink. Shi wannan direban ya yi dubawar, ya haɗa mafari da tsawo ya gwada da girman mazubi. Sai dai mafarin daga hannun manhaja yake zuwa. Idan ta kawo lamba mai girman gaske, jimlar takan kai maƙurar abin da firosesa ke iya riƙewa ta zagayo ta koma 'yar ƙarama, sai ta wuce gwajin salin-alin. Layi ɗaya ne, kuma ya yi shekaru a cikin kanel mutane na wucewa ta kansa.

Windows ma bai tsira ba. A can direba kan bayyana shafukan da wani tsari mai suna MDL ya buɗe su da MmMapLockedPagesSpecifyCache. Microsoft ta rufe wa manhajoji hanyar shiga memorin zahiri kai tsaye tun zamanin Windows Server 2003, amma kamfanonin da ke ƙera madabod da katin hoto suka riƙa rubuta direbobin da ke sake buɗe ta, don manhajojinsu na duba zafi da sauya launin fitila su yi aiki. A 2019 kamfanin Eclypsium ya lissafa direbobi sama da 40 masu irin wannan rauni, duk da sa hannun amincewa a jikinsu. Masu kutse kan zo da irin wannan direban a aljihunsu, su ɗora shi da kansu, su bi ta cikinsa su kashe riga-kafin kwamfuta. Shi ya sa Windows 11 ke zuwa da jerin direbobin da aka haramta. Masu gyaran kwamfuta a kasuwanninmu da ke ɗora tsofaffin direbobi daga filashi ɗaya a kan kowace na'ura, wannan magana ta shafe su kai tsaye.

Akwai wani hawa da ya fi wannan zurfi. Ko da direba ya auna iyaka daidai, idan rajistocin da ya miƙa na na'urar da ke iya DMA ne, to ya miƙa komai, domin manhaja za ta iya umartar na'urar ta rubuta a duk inda ta ga dama, na'ura kuma ba ta bi ta MMU. Tsarin UIO, da ya shigo Linux 2.6.23 a 2007 don a riƙa rubuta direbobi a wajen kanel, bai magance wannan ba. Sai VFIO, da Alex Williamson na Red Hat ya jagoranta ya shigo 3.6 a 2012, wanda ya jingina da IOMMU, wato MMU na na'urori: VT-d a Intel, AMD-Vi a AMD, SMMU a ARM. Da shi na'ura ma tana da nata jadawalin, ba ta taɓa shafin da ba a rubuta mata ba. A kansa ake ba kwamfutar cikin kwamfuta katin hoto sukutum, a kansa kuma manhajar DPDK ke sarrafa katin intanet mai tsananin gudu a manyan cibiyoyin sadarwa.

Idan kuma shafin na tarayya ne, kanel da manhaja duk suna rubutu a ciki, dole kanel ya ɗauka cewa abin da ya karanta yanzu yana iya sauyawa kafin ƙiftawar ido. Ya karanta tsawo, ya duba, ya ga daidai ne, ya koma ya sake karantawa don aiki, a tsakani manhaja ta sauya lambar. Ƙa'idar ita ce a karanta sau ɗaya, a ajiye kwafi a gefen kanel, a yi aiki da kwafin. Tsarin io_uring da Jens Axboe ya kawo a Linux 5.1 a 2019 an gina shi ne a kan mazubai biyu na tarayya irin wannan, kuma saurinsa abin yabo ne. Amma yawan ɓarakar da aka yi ta samu a cikinsa ya sa Google ta sanar a 2023 cewa ta kashe shi a ChromeOS da sabobinta.

Kada kuma a ɗauka mmap kyauta ne. Gina jadawali aiki ne, kowane shafin da aka kawo a makare tsallaka katanga ne, rushewa kuma sai an sanar da kowace ƙwayar firosesa ta share TLB ɗinta. Ga ƙananan bayanai da za a karanta sau ɗaya, read ya fi shi sauri da aminci. Ribar tana wurin mazubin da za a buɗe sau ɗaya a yi ta juya shi, kamar na kyamara da sauti da katin hoto.

Saura tambayar da aka fi mantawa da ita: yaushe ƙofar ke rufuwa? Rufe fayil da close ba ya rushe mmap, shafukan suna nan a jadawalin manhaja har sai ta kira munmap ko ta mutu. Amma na'ura ba ta jira. Wani ya fizge kebul, ko direba ya ga ya gama da wani mazubi ya mayar wa kanel. Shafukan da aka miƙa da remap_pfn_range ba a ƙirga masu riƙe da su, don haka kanel zai iya ba da wannan shafin ga wani aiki, har ya mai da shi jadawalin shafuka, alhali manhajar farko tana iya rubutu a cikinsa. Wanda ya iya rubutu a jadawalin shafuka ya mallaki na'urar baki ɗaya. Aikin direba ne ya fara goge hanyar da unmap_mapping_range kafin ya saki shafi, ta yadda manhajar da ta sake taɓawa za ta gamu da saƙon kuskure na SIGBUS, ba kayan wani ba.

Irin wannan ɓaraka ce ta yi ta damun direban Mali, injin hoton kamfanin Arm da ke cikin cip ɗin MediaTek da Unisoc masu yawa, wato cikin ɗimbin wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Sheikh Gumi. A Oktoban 2023 Arm ta sanar da wata mai lamba CVE-2023-4211, da ke ba manhaja damar taɓa memorin da aka riga aka saki, ta ce akwai alamun an yi amfani da ita a kan wasu mutane da aka nufa. Tun a Nuwamban 2022 masu binciken Project Zero na Google suka koka cewa gyare-gyaren da Arm ta fitar watanni kafin nan ba su isa wayoyin da suka gwada ba, domin sai gyara ya bi ta mai cip, ya bi ta mai ƙera waya, kafin ya iso hannun mai ita. A cikin saitin kowace wayar Android, ƙarƙashin bayanin waya, akwai kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta karɓa. Idan kwanan ya tsaya shekara biyu ko uku baya, to duk gyaran da aka yi wa direbobinta bayan nan bai iso ta ba.